Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Marubutan Littattafan Soyayya na Aljanu da Masarautu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Malamaina kuma 'yan'uwana, mata da maza, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da iyalanku, ina rubuto muku wannan wasiƙa daga Garwa, a Arewacin Kamaru, a matsayina na ɗaya daga cikin masu karanta littattafanku da ba ku cika jin muryarsu ba. Wasiƙar ta shafi duk wanda ya ɗauki alƙalami, ko ya duƙufa a kan waya, ya gina mana masarautar da babu ita a taswira, ya cika ta da aljanu da matsafa da dawakai masu fikafikai, sannan ya dasa soyayya a tsakiyarta. Dalilin rubutowar shi ne in yi godiya ga waɗanda suka fara nuna mana masoyan da ba sa cutar da juna, in kuma roƙi sauran su dubi abin da waɗannan suka yi.

Ya kamata ku san matsayin da littattafanku suke da shi a wajenmu, domin ya bambanta da matsayinsu a Kano ko Katsina. Mu a nan da Faransanci muka yi makarantar boko, a kasuwa kuma Fulatanci ne ya fi yawo, Hausa ta gida ce da ta unguwa. Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa zama a aji an koya mana rubutun Hausa ba, a shafukan littattafanku muka koyi haɗa baƙi da wasali, muka san bambancin ƙ da k. A da 'yan kasuwa ne suke shigo mana da su daga Mubi da Yola a ƙarƙashin atamfofi da kayan kwalliya, littafi ɗaya ya zaga gida goma har bangonsa ya fita. Rikicin da ya kai ga kama Mubi a ƙarshen 2014, da rufe iyakokin Najeriya a 2019, sun rage wannan zirga-zirga, sai waya ta gaje ta, yau kuma ana karantawa a WhatsApp da Wattpad, ana sauraro a YouTube. Yarinyar da ta tashi a Garwa ko Marwa ko Ngaundare ko Kusiri, sau da yawa a wajenku take fara jin yadda namiji yake yi wa mace magana da Hausa idan yana sonta, domin iyayenmu masu kunya ne, ba a gaban 'ya'ya suke wannan ba.

To, wane irin namiji kuka daɗe kuna ba ta? Kun san shi fiye da ni. Yarima ne ko ɗan sarkin aljanu, kyakkyawa har ba a iya kallonsa sau biyu, miskili, mai izza, wanda murmushinsa ya fi zinariya tsada. Haɗuwarsa ta farko da yarinyar mari ne ko tsawa. Ya sace ta daga gidan iyayenta, ya kulle ta a fadar da babu ƙofa, ya hana ta ganin kowa, ya kashe bawan da ya kuskura ya ɗaga ido ya dube ta, a ce mana wai kishi ne. Ta yi ta kuka shafi bayan shafi, kuyangi suna ba ta haƙuri, har a zo kusa da ƙarshe ya kwanta ciwo, ta yi jinyarsa, ya furta kalma ɗaya mai taushi, shi ke nan an yafe komai, a ɗaura sabuwar rayuwa a kan tsohon rauni. Na karanta wannan labari da sunaye daban-daban har na daina ƙirgawa.

Shi ya sa littattafan da suka saɓa wa wannan hanya suke zama a raina. Akwai wani da na saurara a bara, wanda jaruminsa aljani ne mai mulkin wata ƙasa a ƙarƙashin ruwa. Tun a farkon labarin an nuna mana yana ratsa bango kamar babu shi, yana tafiyar wata guda cikin ƙiftawar ido. Yarinyar bil'adama ce da yaƙi ya jefa ta ƙasarsa, ya ba ta mafaka a wani sashe na fada. Wani dare labari ya zo masa game da iyayenta, yana ɗokin ya gaya mata. Sai marubuciyar ta kawo shi bakin ƙofar ɗakin, ta tsayar da shi. Ya yi sallama, shiru. Ya sake, shiru. Ya yi ta uku, yana jin shesshekar kukanta daga ciki, ya san cewa in ya so ko ƙyauren ba sai ya taɓa ba. Ya juya ya kira wata tsohuwar kuyanga, ya ce ta zauna kusa da ƙofa ko za a buƙace ta, shi kuma ya koma ya jira gari ya waye. Da safe yarinyar ce ta aiko a kira shi. Marubuciyar ba ta tsaya yi mana wa'azi ba, ba ta ce ga hadisin neman izini sau uku ba, ko da yake duk mai ɗan karatu ya gane inda ta samo. Ta bar mu da mai iko wanda ya ƙi amfani da ikonsa a kan wadda ba ta da ko ɗaya, kuma daga wannan dare na yarda cewa yana sonta, tun kafin shi ya faɗa.

Ina ganin a irin wannan adabi na almara ne maganar take da nauyi fiye da ko'ina. A labarin da ya faru a Fagge ko Sabon Gari, tazarar da ke tsakanin miji da mata ta kuɗi ce ko ta shekaru ko ta asali. A naku kuwa shi yana iya rayuwa shekara dubu, yana iya juya dutse ya zama toka, yana iya karanta abin da ke zuciyarta, ita kuma ba ta da komai sai ranta. Idan tazara ta kai haka, duk abin da ya yi da ƙarfinsa shi ne halinsa, kuma mai karatu yana kallo. Sannan ku ne kaɗai marubutan da ba ku da uzurin cewa haka rayuwa take. Wanda ya rubuta labarin gidan haya yana iya cewa abin da ya gani ya rubuta. Ku kuwa ku kuka ƙera duniyar tun daga ƙasarta har samanta, ku kuka yanke cewa rana biyu ce ke fitowa a cikinta kuma kifaye suna magana. Marubucin da ya iya ƙirƙiro duk wannan, sannan ya ce ba zai iya ƙirƙiro sarkin da ba ya marin matarsa ba, ni dai ban karɓi uzurinsa ba.

Kuma ba baƙon abu nake nema ba, domin gadonmu bai taɓa yabon azzalumin miji ba. Aljanu sun daɗe a labaranmu, tun daga tatsuniyoyin da kakanni suke yi da dare har zuwa ƙagaggun littattafan farko da suka fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933, waɗanda wasunsu cike suke da tafiye-tafiye a ƙasashen aljanu. Ku tuna tatsuniyar yarinyar da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba, ta kori samarin garinsu ɗaya bayan ɗaya, sai ga wani baƙo sumul ba tabo ba ƙurji, ta bi shi, a hanya ya fara mayar da kayan aro har ainihin siffarsa ta bayyana. Kakanninmu da wannan labari suna gaya wa yarinya ne ta yi hattara da kyan da ba a san asalinsa ba, kuma ƙarshensa gudu ne da neman tsira. Wasu littattafan yau sun ɗauki dodon nan, sun bar masa kayan aronsa, sun aura masa yarinyar, sun ce ta yi dace. Haka ma Dare Dubu da Ɗaya, wanda da yawa daga cikinku kuka sha daga gare shi: sarkin da ke auren budurwa kowane dare ya sa a kashe ta da safe ba a kawo shi don a so shi ba, bala'i ne da ya sauka a kan gari, 'yar waziri ta sayar da ranta don ta tsayar da shi. Dare dubu da ɗaya ya kusa shekara uku. Wannan aikin ceto ne, kuma bai kamata a mayar da shi tsarin da kowace amarya za ta bi kafin ta sami zaman lafiya a ɗakinta ba.

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta: labarin da masoya suke zaune lafiya ba ya da armashi, mai karatu zai yi hamma ya ajiye. Wannan magana tana da kamar gaskiya, amma ta ɗauka cewa rikici ba shi da mazauni sai tsakanin miji da mata. Alhali ku kuna da abokan gaba da marubucin gidan haya ba shi da su. Kuna da waziri maci amana, da matsafin da ke neman jinin gimbiya, da dokar ƙabilar aljanu da ta haramta auren bil'adama, da fari da annoba da rundunar da ta yi wa birni ƙawanya. Littattafan da nake yabawa sun fitar da maƙiyi waje, sun bar ɗaki ya zama wurin da mutum biyu suke komawa su huta su yi shawara. A irinsu fargabata ta fi yawa, saboda ina da abin da nake tsoron a rasa. Idan yarima ya fita yaƙi ya bar matar da yake wulaƙantawa, wani ɓangare na zuciyata fata yake kada ya dawo. Idan kuwa wanda ya fita shi ne mutumin da ya zauna daren jiya yana gyara mata igiyar baka yana sauraron shawararta kan ƙofar da za a tsare, to ba na iya barci sai na ji yadda aka ƙare.

Zaman lafiyar da nake nufi ba rashin saɓani ba ne. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, kuma masoyan da ba su taɓa ɓata wa juna rai ba ba su yi kama da mutane ba. Abin dubawa shi ne yadda ake faɗan da yadda ake fita daga cikinsa. A wani littafin, sarki ya ɓoye wa matarsa cewa an kama ƙanenta a fagen yaƙi, wai don kada hankalinta ya tashi tana da juna biyu. Da ta ji daga bakin wata baiwa, ta yi fushi ƙwarai, ta gaya masa a gaban idonsa cewa ya mayar da ita yarinya, kuma ɗan'uwanta ne, ita ta fi kowa haƙƙin sani. Bai daka mata tsawa ba, bai ƙaurace mata ba, bai aiko mata da sarƙar lu'ulu'u don ya toshe bakinta ba. Ya ce ta yi gaskiya, ya faɗi abin da ya yi da sunansa, ya nemi afuwa, daga baya kuma da wani mummunan labarin ya zo, shi da kansa ya kai mata. Wannan na ƙarshen ne ya fi burge ni, domin ban-haƙuri yana da sauƙin rubutawa, canjin hali ne yake buƙatar marubuci ya riƙe zaren labarinsa har shafi hamsin a gaba.

Akwai masu cewa irin wannan jarumi mijin-ta-ce ne, an cire masa kwarjini. Ina roƙon masu wannan ra'ayi su sake duba abin da muka gada. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, da aka tambaye ta abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Ita ce kuma ta ba da shaidar cewa bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima da hannunsa ba. Wannan shi ne mutumin da ya jagoranci Badar da Uhudu. Aya ta 21 a Suratur Rum, wadda ake bugawa a katin ɗaurin aure daga Kano har Njamena, natsuwa da ƙauna da jinƙai ta ambata. Ban kawo waɗannan don in mayar da littafin hira littafin wa'azi ba, wa'azi yana da nasa wurin kuma labarin da ya cika shi yakan yi nauyi. Na kawo su ne don a daina ɗauka cewa tausasa wa mace ɗabi'a ce da aka aro daga finafinan waje.

Inda na fi so ku tsaya ku yi tunani shi ne batun sihiri da ƙaddara, domin nan ne irin adabinku yake da tarkon da sauran ba su da shi. Sau nawa muka karanta cewa an rubuta tun kafin a haife ta ita matar wane ce, akwai tambari a kafaɗarta, ko zobe ya zaɓe ta, ko wani tsohon boka ya hango auren shekara ɗari da suka wuce? Da zarar an faɗi haka sai a ɗauka an gama da yardarta, duk ƙin da za ta yi ya zama taurin kai da za a karya. Wani lokaci ma turare ake yi mata ko a ba ta wani abu ta sha, ta farka tana sonsa, a ci gaba da labari kamar ba a yi komai ba. Mu da muke zaune cikin al'ummar da ake zuwa wajen boka neman mallaka mun san sunan wannan aiki, kuma ba so ba ne sunansa. Marubutan da suka burge ni sun bar tambarin da zoben a cikin labari, amma sun sa jarumin ya ce mata hasashen bokaye bai ɗaure ta ba, in tana son komawa gida ga doki ga rakiya. Wata ma ta tafi ɗin, ta yi watanni a garinsu, ta dawo da ƙafarta lokacin da ta ga dama.

A nan ma muna da madogara. Buhari ya ruwaito labarin Barira, wadda da aka 'yanta ta ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugis. Yana bin ta a baya yana kuka, hawaye suna zuba a gemunsa, har Manzon Allah ya tausaya masa ya yi mata maganar ta koma. Ta tambaya ko umarni ne, ya ce a'a, ceto kawai yake yi, ta ce ba ta da buƙatarsa, kuma aka bar ta a kan zaɓinta. Idan tsananin son Mugis da sa bakin mafificin halitta ba su tilasta wa Barira ba, ban ga yadda zoben da marubuci ya ƙera da hannunsa zai tilasta wa jarumarsa ba.

Akwai abu ɗaya da ba zan yi masa lulluɓi ba, wato labarin da jarumi yake yi wa yarinya fyaɗe, a ce maye ne ko tsafi ko fushi ya ja shi, sannan a gyara ɓarnar da aure, a ƙare da 'yan biyu da walima. A ƙasarmu tsohuwar doka tana barin wanda ya yi fyaɗe ya kuɓuta idan ya auri wadda ya yi wa. Kundin hukunta laifuka da aka sabunta a watan Yulin 2016 ya rufe wannan ƙofa: sashe na 297 ya ce auren ba ya hana tuhuma ko hukunci, sashe na 356 kuma ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ga wanda ya yi wa wani auren dole. Abin takaici ne a ce 'yan majalisa sun riga marubutan soyayya gane cewa ɗaurin aure ba ya wanke wannan laifi.

Haka kuma ku riƙa tunawa cewa aljani a wajen masu karatunku ba halittar takarda ba ce kawai. A unguwanninmu akwai matan da ake cewa aljani ya aure su, yana zuwa musu cikin barci, yana korar manemansu, iyaye suna yawo da su daga mai ruƙiyya zuwa mai magani. Ko mene ne asalin ciwon kowace ɗaya, wahala ce ta gaske, ba abin sha'awa ba. Littafin da ya ɗauki ainihin wannan siffa, mai zuwa cikin dare ba izini, mai hana ta kowa, ya yi mata ado ya kira ta soyayya, yana taɓa miki a gidaje da yawa. Wanda ya sa aljaninsa ya tsaya a bakin ƙofa ya kauce wa wannan ba tare da ya rasa komai na ban-mamaki ba.

Bari in nuna muku inda labaranku suke sauka. Yayata tana da shagon ɗinki a kusa da babbar kasuwa, tana koyar da 'yan mata, yawancinsu ba su kai shekara ashirin ba. Idan Salla ta matso aiki yakan kai su dare, sai a jingina waya a taga, a haɗa ta da 'yar ƙaramar lasifika, a saki littafi, kekuna suna ƙara mai karatu yana yi. Wata rana ina zaune ina jiran a gama mini kalmasa, aka zo wurin da yarima ya shaƙe wuyan amaryarsa saboda ta gaisa da ɗan baffanta. Wata yarinya da ke guga ta yi dariya ta ce, “Ai don yana sonta ne.” Yaya ta ɗage ƙafa daga keke, ta juyo ta ce, “Ke, Allah Ya raba ki da irin wannan so. Ki ce amin.” Yarinyar ta ce amin tana sunkuyar da kai, amma a fuskarta ana ganin ba ta gamsu ba, domin littafin ya fi Yaya iya magana, kuma ya riga ya yi sa'o'i yana gaya mata cewa yariman nan shi ne burin kowace mace. Bayan Salla suka saurari na aljanin ƙarƙashin ruwan nan, sai gardama ta koma wata: wasu suna cewa irin wannan namiji babu shi a duniya, wasu suna cewa akwai, ɗaya ta ce babanta haka yake da innarta, in ya dawo daga gonar auduga shi yake ɗebo mata ruwa. Na fi son wannan gardamar nesa ba kusa ba. Kada kuma ku ɗauka mata ne kaɗai ke ji. Yaron da ke kawo musu zare da maɓalli yakan daɗe a bakin ƙofa fiye da yadda aikensa yake buƙata, shi ma yana koyon yadda ake zama jarumi.

Ba ina kira a hana kowa rubutu ba ne. Na san tarihin da kuka biyo: an kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i a Kano a 2001, an ƙona littattafai a bainar jama'a a 2007, an daɗe ana zargin marubutan soyayya da ɓata tarbiyya alhali da yawansu, musamman mata, su ne suka fara ɗaga murya kan auren dole da hana 'ya mace karatu tun a shekarun 1980. Ban kuma ce a daina rubuta mugunta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i, kuma akasari daga abokin zamanta ne, don haka adabin da ya rufe ido ga wannan ya yi ƙarya. 'Yar yankinmu, Djaïli Amadou Amal ta Marwa, da labarin auren dole da dukan mata ta ci babbar kyautar adabi ta ɗaliban lise, wato babbar sakandare, a Faransa a 2020, kuma mun yi alfahari da ita. Bambancin shi ne ta kira zalunci da sunansa. Ku rubuta azzalumin sarki, ku rubuta mugun aljani, amma ku bar shi a matsayin abin da ake tserewa ko ake yaƙa, kada ku ɗaura masa rawanin masoyi a shafin ƙarshe don kawai kyakkyawa ne.

Waɗanda kuka riga kuka kama wannan hanya, ina da ƙarin buƙata a wajenku. Jarumar ma ku ba ta nauyin kyautatawa, domin na ga littattafan da suka gyara namijin suka bar macen tana zagi da gori da gwada shi da ƙarya, ana kiran abin jan aji. Ku ba ta ƙawaye da 'yan'uwa da sana'ar da take so, kada duniyarta ta ƙare a kansa, kuma ya zama yana murna da hakan. Sannan ku daure ku wuce daren biki. Yawancin labarai suna tsayawa ne daidai inda zama yake farawa, alhali mu masu aure abin da muke son gani shi ne sarki da sarauniya bayan shekara goma, ga 'ya'ya, ga gajiya, ga masarauta a wuya, suna kuma iya zama su yi dariya tare.

Na ƙarshe ya shafi kasuwa, tunda ana cewa irin waɗannan littattafai ba sa sayuwa. Da yawa daga cikinmu muna so mu biya, hanya ce babu. Littafin kuɗi yakan zo da lambar asusun banki na naira, mu kuma sefa ce a hannunmu, sai mun nemi mai canji ko wanda zai je Yola, kafin nan wata ta turo shi kyauta a wani zaure, haƙƙin marubuciya ya tafi a banza. Wasunku suna ware lamba ga masu karatu na Nijar. Ku yi mana irin wannan mu ma, mu na Kamaru da Chadi, ta hanyar tura kuɗi a waya da muke amfani da ita kullum, don waɗanda suka rubuta mana masoyan kirki su ga amfanin wahalarsu a aljihunsu, su kuma san yawan masu jiran na gaba.

Allah Ya ƙara basira, Ya yi wa alƙalumanku albarka.

Wassalamu alaikum.

'Yar'uwarku,
wata mai karatu daga Garwa, Kamaru.